Gimbiya a Ƙasar Muturu

9 ga Afrilu

Zuwa ga mahaifina abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Inna da Yaya da iyalinsa. Yaya ciwon gwiwar nan? Yaya garke da ƙarancin ciyawa? Allah ya kawo damina mai albarka.

Na iso lafiya, yau kwanana goma sha biyu. Tunda ka ce maganar waya iska ce, ga takarda. Dama ko na so kira, sai na hau tudun bayan ofis waya take kamawa. Yaya, na san kai ke karanta masa, kada ka tsallake ko layi ɗaya.

Baba, ashe zafi ma iri-iri ne. Namu na gida dukan mutum yake yi, in ka shiga inuwa ya ƙyale ka. Na nan kuwa har cikin ɗaki yake bin mutum. Iska jiƙe take, gumi ba ya bushewa, kana fitowa daga wanka kana neman wani wankan. Gishirina ya narke a cikin gwangwani. Takalmin da Inna ta saya mini ya yi fumfuna cikin kwana huɗu. Ashana ba ta kamawa sai na ɗumama ta a kan murhu. Amma fa ƙasar tana da rai! Sandunan da aka kafa shingen gona da su sun yi tsiro, yanzu shingen ganye yake yi. Ciyawa ta fi ni tsawo, ga ta kore shar, ba mai ci. Na tsaya ina kallonta na tuna yadda kake bin kwari da rani kana neman abin da za ka jefa wa shanu, sai da idona ya cika.

Ƙungiyar manoman da ta ɗauke ni aikin likitan dabbobi tana da shanu tamanin da 'yan kai. Na ce shanu ne don kada in yi musu rashin kunya. Muturu ne, Baba. Tsayin saniya da ƙyar ya kai ƙuguna, ba tozo, ƙahon kamar babban yatsa, ga tumbi kamar randa. Ranar da na fara ganinsu na tambaya ina iyayen waɗannan maruƙan, ma'aikata suka yi ta dariya. Nonon da ake tatsa daga guda ɗaya ba ya cika kofin shayinka.

Mai kula da su wani dattijo ne da kowa ke kira Baba Sannu, saboda ba a taɓa ganin ya yi sauri ba. Ko ruwa aka tsuge da shi, tafiyarsa ɗaya ce. Na zauna na yi masa bayanin shirina na kawo manyan shanu irin namu a maye gurbin waɗannan. Ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaye ni ko na karya kumallo.

To, ga roƙona. Mutanen nan ba za su yarda da magana ba sai sun gani da ido. Ka ba ni aron Gimbiya. Na san ita ce karsanar da ka fi ji da ita, na san daga zuriyar saniyar kakanmu ta fito, kuma Yaya ya gaya mini ta ɗauki ciki. Shekara ɗaya kawai. In suka ga abin da take bayarwa, aikina ya yi sauƙi. Allurai suna hannuna, ba abin da zai same ta da yardar Allah.

A gaida Inna, a ce mata ina cin abinci.

Taka har kullum,
Auta


2 ga Yuni

Baba na,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da ban girma. Ina fata kuna lafiya kamar yadda muke a nan. Na ji an yi ruwan shuka, Allah ya ɗora. A yi wa matar Yaya sannu da jiki.

Gimbiya ta iso lafiya, kwana biyu a mota amma ko rama ba ta yi ba. Na gode, Baba, Allah ya ƙara girma. Direba ya isar mini da saƙonka cewa saniya ta fi mai ita sanin ƙasarta. Na ji, kuma na san ba da son ranka ka sake ta ba.

Da ka ga ranar da aka sauke ta! Mata sun bar tallarsu, masu gyaran babur sun bar aikinsu, kowa ya zo kallo. Ta tsaya a tsakar gona fara fat, ƙahoni sama, muturu suna zagaya ta kamar awaki. Ni kuwa sai hura hanci nake yi kamar ni na halicce ta. Baba Sannu ya zagaya ta sau biyu, ya shafa tozonta, ya ce tunda yake bai taɓa ganin kyakkyawar dabba irinta ba. Sannan ya ce Allah ya raba ta da ƙuda.

Ƙudan tsando yake nufi. Yana da yawa a bakin rafin da ya ratsa gonar, inda itatuwa suka haɗe sama rana ba ta sauka. Ya ba ni shawara kada a kai ta rafi da safe ko da yamma, sai rana ta take tsaka lokacin da ƙudan ke lafawa. Ya kuma ce in bar ta ta kwana a rumfarsa ta kan tudu, wadda ba ta da bango ko ɗaya, sai dogayen ginshiƙai da jinkar ciyawa, kullum ana turara ɗanyen ganye a gefe. Na yi masa godiya, amma na riga na sa an gina mata ɗaki na bulo da rufin kwano kusa da ofis, inda zan riƙa ganinta ta taga. Na yi mata allurar riga-kafi tun ranar farko. Ban ga dalilin da zai sa 'yar sarauta ta kwana cikin hayaƙi ba.

Ruwa kuwa yanzu kullum ne. Da hantsi gari zai yi tsit, zafi ya taru har numfashi ya yi nauyi, can bayan azahar sai hadari ya haɗo, a zuba kamar da bakin ƙwarya, kafin la'asar an ɗauke, ƙasa tana tururi. Mutanen nan sun tsara rayuwarsu a kan haka. Tun da sassafe suke gama aikin ƙarfi. Da rana ba ka ganin kowa sai a ƙarƙashin rumfa. Da farko na ɗauka lalaci ne, har na yi wa ma'aikata faɗa. Ranar da na ce sai an gama feshin kaska da tsakar rana, ni ce na fara zubewa, sai farkawa na yi na ga matar Baba Sannu tana yi mini fifita tana ba ni ruwan kwakwa. Washegari da kaina na mayar da feshi ƙarfe shida na safe.

Ka kwantar da hankalinka game da Gimbiya. Tana cin ciyawa kamar ba gobe.

'Yarka mai ƙaunarka,
Auta


14 ga Satumba

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina gaida Inna. Barkanmu da samun ƙaruwa a gidan Yaya, Allah ya raya. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa, kogi ne ya cika ya shanye gadar da ke haɗa mu da gari, sai da kwale-kwale ake fita. Wannan takardar ma wani mai kai kifi zan ba.

Ina so in ba ka labarin abin da na gani, domin kai ne za ka gane shi. Kwana biyu kafin ruwa ya hau, muturun nan suka ƙi sauka fadama. Aka kora, aka yi tsawa, suka juya suka hau tudu suka tsaya. Baba Sannu ya dube su, ya dubi tururuwa da ke kwasar ƙwai suna hawa jikin bishiya, sai ya ce a kwashe buhunan dusa daga sito a ɗora bisa. Sama garau take a ranar, har na yi masa gardama. Rana ta uku da safe ruwa yana gwiwa a cikin sito.

Ba wanda ya yi kuka, Baba, abin da ya fi ba ni mamaki ke nan. Gidajensu dama a kan ginshiƙai suke, na sha tambayar kaina me ya sa mutum zai gina gida sai ya hau tsani. Kowa ya janyo kwale-kwalensa daga ƙarƙashin ɗaki, kaji suka koma kan rufi, kasuwa ta ci a kan ruwa. Wata mai sayar da kayan miya ta zo har bakin tagata da jirginta tana yi mini tsiya wai likita ta zama kifin gwangwani. Sun ce in ruwan ya janye, ƙasar da ya bari ta fi kowane taki. Suna jiransa ne kamar baƙon da aka saba da shi.

Ko itatuwan nan haka suke. Ganyensu duk yana da ɗan tsini a baki don ruwa ya zube da wuri kada ya ruɓe. Manyan kuwa saiwarsu ba ta nitsewa ƙasa kamar namu, a sama take bazuwa ta yi musu katanga ta riƙe su cikin laka.

Amma babban abin shi ne wannan. Na ɗebi jinin shanun gona na duba a madubin likita. Baba, kusan rabin muturun nan suna ɗauke da ƙwayar sammore, cutar da ƙudan tsando ke sa wa shanu, a jininsu. Na gan ta da idona tana iyo. Cutar da ka ce ta taɓa share wa maƙwabcinmu garke cikin damina ɗaya, ga ta a jikin saniyar da ke tsaye a gabana tana tuƙa, gashinta na sheƙi, ɗanta na tsotso. Na karanta wannan a makaranta, na ma rubuta shi a jarrabawa, amma ban san na sani ba sai ranar. Na fita na daɗe ina kallonsu. Ƙanƙantar jikin da nake yi wa dariya ita ke sa zafi bai dame su ba, kofatonsu ba ya ruɓewa a laka, kirci ba ya kama fatarsu. Na gaya wa Baba Sannu abin da na gani, ya ce ai shi bai san sunan abin ba, ya dai san shanunsa da ƙudan sun daɗe da yin sulhu.

Na ga ka yi tambaya a kan Gimbiya. Tana nan, ta ɗan rame, ka san ciki ya tsufa. Na mayar da ita rumfar kan tudu, ɗakin kwanon ya cika zafi.

A sa mu a addu'a.

Auta


27 ga Oktoba

Baba,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Inna, da kowa da kowa. Yaya, wannan karon ina roƙonka ka karanta masa yadda na rubuta, kada ka sassauta komai.

Gimbiya ta mutu ranar Talata da ta wuce, da hantsi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na yi maka ƙarya a takardata ta baya. Ba ciki ne ya ramar da ita ba. Ranar da na duba jinin muturu na duba nata, kuma na ga abin da na gani. Tun watan Agusta ta fara zazzaɓi, idonta na zubar da ruwa, dasashinta ya yi fari. Laifina ne. A makonnin farko na bar ta tana bin sauran shanu rafi da safe, don ina so mutane su riƙa ganinta a hanya. Na dogara da allurata. Da ciwon ya bayyana na yi mata magani, ta farfaɗo, ya dawo. Na sake, ya sake dawowa. Maganin da ya rage sai a gari, gada kuma tana ƙarƙashin ruwa. Da na samu aka kawo shi a kwale-kwale, jininta ya riga ya ƙare.

Ina so ka san ba ta wulaƙanta ba. Baba Sannu, wanda na ƙi jin maganarsa, shi ya ɗauki jinyarta kamar tasa. Kullum sai ya shiga kurmi ya yanko mata ganyen da ya ga tana so. Da ta kasa tashi ya haɗa mata majanyi da buhuna ya rataye a ginshiƙi don kada gefenta ya yi gyambo. Wata biyu yana wannan, bai taɓa buɗe baki ya ce ai na gaya miki ba. Da ma ya faɗa, da na fi samun sauƙi.

Ta riƙe ranta har ta haihu. Naƙuda ta kama ta Litinin da azahar, ana ruwa, ba ta da ƙarfin yunƙuri. Na sa hannu na jawo, Baba Sannu yana riƙe da kanta yana yi mata magana a hankali. Mace ce, fara kamar uwarta. Gimbiya ta ɗago kai ta lashe ta, muka samu muka tatsi ɗan dakashin da ke hantsarta muka ba 'yar. Washegari da muka ga ba tashi, liman ya zo, amma kafin a kawo wuƙa ta cika. Mun binne ta a bayan rumfa.

Na zauna da maraƙa a cinya ban san abin yi ba. Sai Baba Sannu ya jawo wata tsohuwar muturu baƙa mai karyayyen ƙaho, wadda ta haihu kwana goma da suka wuce. Ya shafe maraƙar da gishiri da nonon tsohuwar, ya tura ta gabanta. Ta shinshina, ta yi huci, ta kai mata harbi. Ya ce mu jira. Muka jira har inuwa ta juya. Can sai ta miƙa harshe ta lashi gishirin, ta sake lasa, daga nan ba ta daina ba. Yanzu 'ya'ya biyu take shayarwa da ɗan nonon nan da na raina.

Baba, ka ba ni amana na kasa riƙewa, na kuma ɓoye maka. Ban san wanne ya fi muni ba. Ba na neman ka ce ba komai. Ka yafe mini in ka samu iko.

'Yarka,
Auta


20 ga Afrilu

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum. Gaisuwa irin ta 'ya da uba, da fatan zafin bazara yana zuwa muku da sauƙi. Ina gaida Inna, ina gaida jaririn Yaya da na ji har ya fara rarrafe.

Takardarka ta Nuwamba tana cikin jakata, na sa ta a leda saboda laima. Layi uku ce kawai, na haddace ta. Ka ce ka yafe, ka ce tun daga takardar Satumba ka gane don ban taɓa taƙaita maganar saniya a layi biyu ba, ka ce in gaida dattijon nan in ce masa ɗan'uwansa makiyayi yana godiya. Na isar. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

A taron ƙungiya na watan jiya na miƙe a gaban kowa na janye shirina. Na ce shanun da suke da su sun fi wanda zan kawo musu, aikina shi ne in taimaka su ƙoshi, a zaɓi masu nono a cikinsu a yawaita irinsu. Shugaban ƙungiya bai ji daɗi ba, ya riga ya yi wa mutane alkawarin manyan shanu. Ya ce in haka ne me amfanin likita. Sai matar Baba Sannu ta ce daga bayan ɗaki, amfaninta shi ne ta faɗi gaskiya da bakinta, wanda ba kowane mai takarda ke iyawa ba. Aka yi dariya, aka jefa ƙuri'a, suka ce in zauna.

Zan zauna, Baba, in ka amince. Na san Inna ta sa rai zan dawo bana. Ka lallashe ta. Akwai abin da nake koya a nan da ban gama ba, kuma malamina ya tsufa.

Amma maraƙar ba za ta zauna ba. Wata shida ke nan ina tsare ta a kan tudu cikin gidan sauro da hayaƙi, jininta tsaf yake har yau, sai dai ruwa ya fara sauka, ƙuda zai dawo, kuma jinin uwarta ne a jikinta. Ba zan sake gwada sa'ata da abin da ba nawa ba. Motar da ta kawo wannan takarda ita ta kawo ta. Ban sa mata suna ba, na bar maka.

Abu ɗaya za ka gani da zai ba ka mamaki. Tun tana wata uku ta fi uwar goyonta tsawo, ba ta iya kai baki ga hantsa sai ta durƙusa. Tsohuwar kuwa ta koyi hawa wani ɗan tudun gara ta tsaya a kai don ta rage mata wahala, ba wanda ya koya mata. An yaye ta yanzu, amma durƙuson ya zauna. Ko ruwa za ta sha, ko dusa aka zuba mata, sai ta sa gwiwoyinta biyu a ƙasa. Yaya, kada ka yi mata dariya, kada kuma ka ce za ka gyara ta da sanda. A wurin wadda ta rayar da ita ta koya.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

'Yarka mai biyayya,
Auta